Matar da ta ƙi faɗin sunan ɗanta

"Malama, matar nan ba ta son ɗanta!"

Haka ɗalibata Bilkisu ta faɗo mani ofis, ko sallama babu. Lokacin soja bai daɗe da komawa bariki ba, ina koyar da aikin walwalar jama'a, na tura ɗalibai ziyarar gidaje a Ƙofar Durbi.

Wai ta tambayi wata uwa sunan babban ɗanta, matar ta sunkuyar da kai ta ce "wancan yaron". Don haka za ta kai rahoto a raba su.

Kunyar ɗan fari fa! Na danne dariyata.

Washegari a aji na ce, "Amarya Bilkisu, miƙe. Mi sunan maigidanki?"

Ta ja gyale ta rufe fuska. "Kai Malama, ai kin san shi."

"Ban san shi ba. Faɗi da ƙarfi."

Ta ƙara cusa kai cikin gyale.

Na ce, "To ku shaida, ba ta son mijinta. Gobe sai mu je a raba su."

Aji ya kwashe da dariya. Rahoto dai bai fita ba.

Ashe littafi kan mantar da mutum kunyar gidansu a gidan wani. Ku fa, sunan wa bakinku ba ya iya kamawa?