Kafaɗar Mai Gashin Baki

Ba da son raina na koyi kallon ƙwallon Ostareliya ba. Kullen korona ne ya tsare mu a gida ɗaya a unguwar Madinat Khalifa ta Doha, mu huɗu, kuma gidan ba shi da abin kallo sai ita.

Mai gidan wani dattijon Bature ne ɗan Ostareliya, injiniya a kamfanin da ke gini a Lusail. A gabansa muna ce masa Baba, a bayansa kuwa Tsoho. Ni ne direbansa. Masu gadi biyu kamfani ya ba shi. Ɗaya Bazamfare ne, ƙato, ɗan gidan mahauta, wanda ya sha dambe kafin ya zo Doha. Ɗayan ɗan zangon Kumasi ne, gajere, ga saurin ƙafa ga bakin tsiya. Da ƙasarsu ta rufe ƙofa Tsoho ya kasa komawa wurin matarsa, sai ya jawo wani akwati cike da faifan tsofaffin wasannin kulob ɗin da ya gada daga ubansa, ya ce mu shigo falo, shi ba zai iya ihu shi kaɗai ba.

Ranar farko na ɗauka faɗa ne ya ɓarke a kasuwa. Ƙwallon kamar gwanda, filin kamar faifan tankaɗe, turaku huɗu a kowane ƙarshe, maza da riguna marasa hannu suna kirɓar juna cikin taɓo. Mutum zai taka bayan ɗan'uwansa da gwiwa, ya hau kafaɗarsa, ya cafe ƙwallo a sama, alƙalin wasa kuma ya ce ya yi daidai. Na ce, "Baba, ina 'yan sanda?" Ya yi dariya har da tari.

Kafin kullen ya yi nisa mun san 'yan gaban kulob ɗin na kowane zamani fiye da yadda muka san maƙwabtanmu. Sunayensu ba sa zama a bakinmu, sai muka riƙa kiransu da kamanninsu. A tsofaffin faifan, waɗanda hotonsu ke rawa, 'yan gaban ƙatti uku ne: mai gashin baki, mai karyayyen hanci, da wani mai jan gashi da haƙoransa na gaba suka zube. Su ba sa gudu. Tsayawa suke a bakin turaku, a cillo musu ƙwallo daga nesa, duk wanda ya shiga tsakani ya kwana a asibiti. A sababbin faifan kuwa ƙananan yara ne masu zafin nama, suna zagaye mutum su sace ƙwallo daga ƙafarsa su buga kafin ya juyo. Ni na tsakiya nake so, zamanin da kulob ɗin yake da mutum ɗaya tak mai tsalle, amma ba wanda ya taɓa tambayata.

Bazamfare ya ɗauki ƙattin, ɗan Kumasi ya ɗauki yaran, gida ya rabu biyu.

Akwai wani wuri a wani tsohon faifai da Tsoho ya fi so fiye da abincinsa. Ƙwallo tana sama, wani ɗan baya na abokan hamayya yana ja da baya, idonsa a kanta. Mai gashin baki ya taho a guje daga gefe, ya manne gwiwar hannunsa a haƙarƙarinsa, ya daka tsalle, ya saka wa mutumin kafaɗa a fuska. Mutumin ya faɗi ƙafafunsa a miƙe, bai ko motsa ba. Mai gashin baki ya ɗaga hannu biyu, filin ya ɗauki ihu. Tsoho yakan mayar da wurin baya, ya sake, ya kuma mayarwa, yana dukan hannun kujera yana cewa, "Ku ga maza! Na yanzu yara ne, tsoron jini suke." Bazamfare kuwa yana zaune a ƙasa kusa da talabijin, bakinsa a buɗe, yana gwada manne gwiwar hannun.

"Wanga shi na namiji," in ji shi. "Da garinmu aka haihe shi, da makaɗa sun yi mai waƙa."

Musun ba ya tsayawa a falo. Ana yinsa a bakin get, ana yinsa a kan tabarmar salla da zarar an sallame. Wata safiya muna shan shayi ɗan Kumasi, wanda kowane aboki Cale ne a bakinsa, ya ce, "Cale, ƙattin nan naka ba 'yan ƙwallo ba ne. Mahauta ne kawai aka sa musu gajeren wando." Ya san sarai ɗan gidan wa yake faɗa wa haka. Kafin in ajiye kofi Bazamfare ya ɗaga shi sama ya maka shi da firji, har ƙofar ta lotsa. Ɗan Kumasi ya rarumo filas ya fasa masa a goshi. Na shiga rabo, gwiwar hannun wani ta same ni a baki, na tofar da ɓarin haƙori cikin jini. Har yau harshena yana zuwa wurin.

Tsoho ya leƙo kicin ya ga jini a tayil, ya ga mutum biyu suna haki. Na zaci zai yi faɗa. Tafi ya yi. Ya ce yanzu ne muka zama magoya bayan kulob na gaskiya, ya ɗauko filasta da kansa ya manna wa Bazamfare a goshi yana shafa masa kai. Na ji haushinsa ranar, kuma haushin bai taɓa fita ba. Su biyun kuwa kafin azahar suna cin waken ɗan Kumasi a kwano ɗaya.

Kulle ya wuce, aka cire takunkumi, gari ya koma maganar Kofin Duniya. A lokacin ne kamfanin tsaro, wanda shi ne kafil ɗinsu, wato mai riƙe da izinin zamansu a ƙasar, ya zaɓi Bazamfare cikin waɗanda za su tsaya a bakin ciyawa a babban filin Lusail, har ranar wasan ƙarshe. Girmansa ya sa aka zaɓe shi. Aka ba shi riga mai ƙyalli, ya rataye ta a ƙusa cikin ledarta, ba ya barin kowa ya taɓa. Ya kira gida ya shaida wa kowa. Ubansa, wanda bai daina yi masa gori ba don ya bar fawa ya zo tsaron ƙofar wasu, shi ma aka kai masa waya kunne. Bazamfare ya gaya wa 'yarsa ta zauna gaba a gidan kallo, ta duba bayan raga, za ta ga babanta. Ya daina faɗa da ɗan Kumasi da hannu saboda rigar nan, sai dai da baki.

Ana saura 'yan makonni a fara, zafi ya ragu, Turawan Ostareliya na Doha suka shirya wasan sada zumunci wata Juma'a bayan la'asar, a filin wata makaranta. Mutane ba su cika ba. Tsoho ya ce yana da yara biyu a gida da suka san wasan fiye da rabinsu. Na kai su a mota, suna musu a kujerar baya tun daga get har filin. Aka raba su, ɗaya nan ɗaya can.

Ɗan Kumasi ya ba Turawan mamaki. Yana shiga tsakanin ƙafafu, yana sace ƙwallo, har ya zura ta tsakanin manyan turaku. Ya zo ya wuce ta gaban Bazamfare yana rawa. "Cale, ina ƙattinka? Suna asibiti suna jiran allura?" Bazamfare kuwa bai taɓa ƙwallo ba tun da aka fara, don duk abin da ya koya tsayawa ne a bakin turaku.

Sai aka cilla wata sama. Ɗan Kumasi ya fara ja da baya, idonsa a kanta, hannuwansa a buɗe. Ina tsaye kusa da Tsoho a bakin fili na ga Bazamfare ya taso daga gefe. Na ga gwiwar hannun ta manne a haƙarƙari. Na san abin da zai biyo baya, don na kalle shi a falo har na haddace.

Ƙarar kamar an fasa ƙwarya ce. Ɗan Kumasi ya tashi sama ya dawo ta ƙeya, ƙafafunsa a miƙe, haɓarsa ta koma gefe guda, jini yana fita ta hanci da baki yana shiga ciyawa. Bazamfare ya ɗaga hannu biyu. Ya juyo wajen Tsoho yana murmushi, yana jiran ihun. Ba wanda ya yi ihu. Tsoho yana kallon takalmansa.

Turawan suka yi kan Bazamfare. Wani saurayi ya naushe shi a kunne, wani ya shaƙe masa wuyan riga har ta yage, wani ya hankaɗa shi yana zaginsa da yawu a fuska. Mutumin da na san naushinsa ɗaya zai kwantar da kowannensu sai ya mai da hannuwansa baya ya harɗe su. Suna dukansa yana tsaye. Leɓensa ya fashe bai saki hannuwan ba. Daga baya ya ce mini rigar da ke rataye a ƙusa ya tuna.

A hanyar asibiti ne wani daga cikin Turawan ya yi mini bayani cikin fushi. Irin wannan bugun an hana shi tun da daɗewa, tun da aka ga tsofaffin 'yan wasa suna manta sunayen 'ya'yansu. Yanzu bugun kan mutum haramun ne. Shi ya sa babu shi a sababbin faifan. Mu kuwa duk zamanmu a falon nan mun ɗauka ragwantaka ce ta hana yaran yi, don haka Tsoho ya ce, kuma shi ne ya san wasan.

Muƙamuƙin ɗan Kumasi ya karye biyu. Likitoci suka ɗaure masa haƙora da waya, abinci sai ta tsinken shan lemo. Wani kuma ya ɗauki abin a waya, hoton ya kai ofishin kamfanin tsaro a Mushairib. Aka kira Bazamfare, aka kira Tsoho shaida, aka shigar da ni don in yi tafinta, tunda Turancin Bazamfare bai wuce na bakin get ba. Manajan ya kalli hoton, ya ce ba za su tsayar da mai irin wannan hannu a gaban idon duniya ba, sai dai idan wasan ne haka. Ya juya ga Tsoho ya tambaye shi kai tsaye: wasa ne ko duka?

Kalma kaɗan ake nema a bakinsa. Abin da ake so ya ce kawai shi ne: ni na nuna masa, ni na ce masa haka maza suke yi. Tsoho ya gyara gilashinsa, ya ce, "A dokar yanzu, ba wasa ba ne." Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa jin gaskiyar da ta ƙona mini rai kamar wannan ba. Bazamfare ya dube ni yana jira. Ni ne na juya masa maganar da Hausa, da bakina.

Manajan ya rufe wayar ya ce, "Khalas." Wato an gama.

Ɗan Kumasi ya baro gadon asibiti ya je ofishin da kansa, fuskarsa a kumbure, yana gurnani ta tsakanin haƙora yana nuna ƙirjinsa yana girgiza kai. Suka ba shi kujera da ruwa, suka ce ya je ya huta, an riga an yanki tikitin mayar da Bazamfare gida.

Ni na kai Bazamfare filin jirgi da hantsi. Titi duk tutoci, ƙasashen da ban ma san da su ba. Da muka kusa sai ya juyo wajena. Ya ce, "Yaya, ka tambayam mini Baba abu guda. Mi na yi wanda mai gashin baki bai yi ba? Ko gwiwar hannun ce ta buɗe?"

Na yi masa alkawari, kuma na cika. Washegari ina tuƙa Tsoho zuwa Lusail na tambaye shi ta madubi, ban sassauta murya ba. Ya juya wajen taga. Sannan ya ce gwiwar ba ta buɗe ba, tun da yake kallon wasan nan bai ga wanda ya yi shi da kyau haka ba. Wallahi akwai sha'awa a muryarsa, na ji ta. Na tsayar da mota a gefen titi na fita na tsaya cikin rana, shi kuma yana ciki yana jirana.

Ban aika wa Bazamfare amsar ba. Ɗan Kumasi ne ya ƙwace wayata ya yi masa saƙon murya ta cikin haƙoransa ɗaurarru, da ƙyar ake gane shi: "Cale, ƙattinka sun fi ƙarfi, na yarda. Amma ban saki ƙwallon ba. Tambayi direba." Haka ne kuwa, da aka ɗaga shi daga ciyawa tana rungume a ƙirjinsa.

Ranar wasan ƙarshe ina ajiye mutane a Lusail, na ga masu riguna masu ƙyalli suna shiga a jere. Ta Bazamfare tana nan a ƙusa cikin leda, ba wanda ya zo karɓa. Na kira shi. Hayaniya ta cika wayar, ya ce yana gidan kallo a garinsu, a layin gaba, cikin mutanen da ya ce su neme shi a talabijin. Yarinyar tana kan cinyarsa. Ya ce ya gaya mata ya fi sau nawa cewa ba ya cikinsu, amma duk sanda aka hasko bayan raga sai ta miƙe tsaye ta duba.