Iyatu Mai Waina Ta Tsallaka Tela

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Kontagora a shekarun bayan yaƙin basasa, tun gwamnan jiharmu yana Sakkwato, ya san Iyatu mai waina. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, don Allah ya hore mata baki, ita kuma ba ta yi rowarsa ba. Gajeriya ce, mai tsage a kumatu, Hausarta da ɗan karkata irin ta mutanen Kumbashi inda aka haife ta. Aure ne ya kawo ta gari a shekarar da aka sami 'yancin kai. Mijin, wani mai dakon hatsi, bai yi nisan kwana ba. Cikin 'ya'yan da ta haifa Madina kaɗai ta rayu, ita ma aure ya kai ta Rijau. Abin da ya rage wa Iyatu a duniya shi ne tandarta, da ƙullunta, da mutanen da ke cin abin hannunta. Da su take ci, da su take faɗa, kuma su ne danginta.

Dab da murhunta akwai rumfar Lukuman tela, magidanci mai sanyin hali wanda ya gama firamare, ya kuma kamu da son karatu. Direbobi kan kawo masa 'yan siraran littattafai daga Zariya da Kano, wasu da Hausa, wasu da Turanci yana juya wa mutane. Ya gwada karanta na soyayya, kowa ya watse ya bar shi. Ranar da ya buɗe wani mai labarin fatalwa kuwa, har 'yan kamasho suka bar fasinja suka zo suka tsuguna. Tun daga nan, da an yi la'asar kasuwa ta lafa, sai ya rufe kekensa da ƙyalle, ya jawo benci, ya kama karatun littattafan ban tsoro. Dogo mai awon hatsi ba ya fashi, haka Marta mai kunu, ƙawar Iyatu, 'yar Salka.

Iyatu ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma babu marubucin da ya taɓa sha da daɗi a hannunta. Tana juya waina tana yanke hukunci.

"Tsaya, Tela. Wannan mutumin lafiyarsa ƙalau kuwa? Ya ji kuka a kango, matarsa na cewa kada ya shiga, shi kuma ya ɗauki fitila ya shiga?"

"Inna, in bai shiga ba ai littafin ya ƙare."

"To ya ƙare mana, kowa ya huta."

Dogo shi jini yake so. In ba a fille kai ba, a wurinsa ba a rubuta komai ba. Iyatu takan ce masa jini ai a mahauta ma akwai shi, ba ta taɓa ganin wanda ya ruga don ya gan shi ba. Ta tsani dodon da ke yawan surutu, mai tsayawa ya ba da tarihinsa kafin ya kama mutum. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ƙarshen labari. A wahalar da mutane tun daga farko, sai a shafin ƙarshe wani malami da ba a taɓa jin sunansa ba ya ɓullo, ya yi tofi, komai ya wuce. Takan ce ko marubucin gajiya ya yi, ko takarda ce ta ƙare masa.

Amma in abu ya yi, tana yabawa. Akwai wani littafi da wata mata ta fito shara da safe, ta tarar da sawun ƙafa ya shigo tsakar gidanta, babu sawun fita. Marubucin bai ƙara komai a kai ba, ya wuce zancen girki. Ranar Iyatu ta yi tsit har wainar da ke tanda ta ƙone ƙurmus. Ta ce wannan ya san aikinsa, don ya san inda ake yin shiru.

To, bakin nan nata shi ya ja mata. Wata rana Lukuman ya kawo sabon littafi na wata mayya, tsohuwa mai jajayen idanu da zaƙo-zaƙon farce, tana zaune a kogon dutse. Iyatu ta ji shafi kaɗan ta yi tsaki.

"Wannan bai taɓa kwana a ƙauye ba. Wa zai yarda mai irin wannan kama ta matso shi? Mayya ba ta da farce. Ita ce mai gaishe ka da safe, ta tambayi yara, ta miƙo maka abin taɓawa. Tana dariya da kai za ta kama kurwarka, ta kai ɗaka ta kife da tukunya. Kai dai sai ka ji jikinka ya mutu."

Ta ci gaba, ta kawo zancen ƙanƙarar maita da ake cewa tana cikin ciki, da yadda ake gadonta. Babu abin da ta faɗa wanda ba a faɗa wa kowane yaron ƙauye don ya daina yawon gidajen mutane. Dogo ya sani, Marta ta sani, duk wanda ke bencin ya sani. Bambancin kawai su suna da wayon kama bakinsu, ita kuwa tana faɗa tana miƙa wa wani kwandasta waina da murmushi.

Dogo ya ce, "Iyatu, kin fa san abin nan da yawa."

Aka yi dariya, tata ta fi ta kowa.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kwantar da Lukuman. Aka yi jiƙo, aka yi rubutu, jiki sai ƙara zafi yake. Can ya fara sambatu, kuma cikin sambatun sunan da ya riƙa kira shi ne na Iyatu. In da hankali ake bi, ba abin mamaki ba ne. Mutumin da kullum sai ta katse masa karatu, sunan wa zai zo bakinsa? Amma a wurinmu, majinyaci in ya kama sunan wani yana kira, an san fassarar da ake yi masa. Nan take aka tuna maganar Dogo, aka tuna tukunya, aka tuna mijinta da 'ya'yanta da suka mutu. Abin da ya kamata ya sa a tausaya mata shi ya zama shaida a kanta.

Da hantsi tana tsaka da suya sai ga Ruka, matar Lukuman, idanu sun kumbura, tare da wansa Mika'ilu. Ruka ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ni ban ce kin yi komai ba. Amma don Allah ki zo ki tsallaka shi."

Iyatu ta gane sarai. Al'ada ce: wanda ake zargi da kama kurwa a sa shi ya tsallaka majinyacin, wai ta haka yake sakin abin da ya kama. Ta dubi Ruka, yarinyar da ita ta yi mata wainar suna.

Sai ta ce, "Kun kai shi asibiti?"

Mika'ilu ya amsa ba tare da ya dube ta ba. "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Allura ma ƙarasa shi za ta yi. Babu inda za a kai shi."

Ta ce su je, za ta yi tunani. Suna juyawa Marta ta matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Kada ki je, Yaya. In kin tsallaka ya tashi, kin zama mayya har ki mutu. Ki je wurin mai unguwa ki yi rantsuwa, ko ki hau mota ki tafi wurin Madina har abin ya lafa."

"In na ƙi zuwa ya mutu, sai a ce na cinye shi. In na gudu, a ce na tsere da kurwarsa. In na tsallaka ya mutu, a ce na ƙi saki. Nuna min wadda zan bi in fita, Marta."

Iyatu ta zauna tana kallon wuta. Tsoro ya kama ta, irin wanda babu littafin da ya taɓa sa mata. Ta san sunanta shi ne jarinta, don ba wanda zai ci abin hannun mayya. Ta kuma san in aka bar Lukuman a kan tabarmar nan ana jiran kurwa ta dawo, gawarsa za a fitar. Shi ne yake ce mata Inna, ba kuma don neman gyara ba. Ta janye itacen murhu, ta yafa gyale.

Kafin ta isa gidan ya cika. Mata a tsakar gida, maza a zaure, wasu na leƙe ta katanga. Ta tsaya bakin ɗakin ta ce da Mika'ilu, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Zan tsallaka. Amma ka yi min alkawari gaban mutanen nan, ina sauke ƙafa za ku ɗauke shi ku kai asibiti."

Mika'ilu ya ga ba shi da asara, ya yi alkawari.

Lukuman na kwance, leɓe ya bushe, bai ma san wa ya shigo ba. Iyatu ta tattare zani. Ga gajarta ga ciwon gwiwa, sai da ta dafa bango. Ta tsallaka, aka ce ta dawo, ta dawo, aka ce ta sake, ta sake. A zuciyarta tana roƙon Allah ya tashi kafaɗunsa, tana kuma sane da abin da wannan roƙon zai jawo mata in aka karɓa. Da ta gama babu wanda ya ce mata sannu. Hanya kawai aka buɗe mata, mai faɗi fiye da yadda jikinta ke buƙata.

Aka kai shi asibiti a bayan wata akori-kura. Aka yi masa allurai, aka ƙara masa ruwa, Allah ya karɓi roƙon Iyatu, ya farfaɗo. Da labari ya iso tasha ta yi hamdala da zuciya ɗaya, sannan ta koma bayan rumfa ta yi kuka. Garin kuwa bai ga allura ba, tsallakar ya gani.

Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya jefe ta. Da ma sun yi hakan, da ta san da wa za ta yi. Gaisuwa ma aka ƙara mata, irin ta ladabi, daga nesa, ana yi ana tafiya. Masu aiko yara da kwano suka daina. Dogo, wanda wasansa ya haifi abin, ya damu ƙwarai, ya kuma nuna damuwarsa ta hanyar canza hanyar zuwa rumfarsa. Baƙin fasinja kaɗai ke saye, su ma sai in ɗan kamasho bai riga ya raɗa musu ba. Marta ta dage tana zama kusa da ita har kununta ya fara kwantai, mijinta ya sa ta koma ƙofar kasuwa. Iyatu ta rage ƙullu, ta sake ragewa, duk da haka da yamma sai ta kwashe saura ta kai gida.

Bayan kaka Madina ta zo ta tattara ta zuwa Rijau, a can ta ƙarasa kwanakinta, ba ta sake dasa tanda ba. Amma Marta ta ce ba ranar Iyatu ta bar tasha ba. Ta bar ta ne tun ranar da Lukuman ya dawo rumfa.

Ya dawo a rame, yana takawa a hankali. Ya ji duk abin da aka yi, ransa ya ɓaci, ya tsaya tsakiyar tasha yana faɗa wa duk mai kunne cewa zazzaɓin sauro ne, likita ya faɗa, allura ce ta tashe shi. Aka yi ta gyaɗa masa kai irin yadda ake yi wa marar lafiya. Da la'asar ya jawo benci ya buɗe littafi, mutane suka taru, can gefe, nesa da murhu. Ya karanta babi guda cur, jarumin ya yi wautar da ya saba, Iyatu ba ta ce uffan ba. Shirun ya dame shi, ya rufe littafin, ya taso ya tsuguna gabanta.

"Inna, zuba min waina."

Ya faɗa da ƙarfi don a ji. Iyatu ta zaɓo masa waɗanda suka fi soyuwa, masu zafi, ta miƙa masa a ganye. Ta san in ya ci a gaban mutanen nan, wataƙila gobe wani ya ci.

Lukuman ya karɓa. Ya ɗauki guda, ya gutsura da yatsu, tururi ya tashi. Ya dubi wainar, ya dubi hannun da ya miƙo ta. Ya daɗe a haka. Shi kansa bai san tsoron nan na cikin zuciyarsa ba sai a lokacin, kunya ta rufe shi, amma hannun ya ƙi kaiwa baki.

"Likita ya ce in ɗan guji maiƙo tukuna," ya ce a hankali. "Bari in tafi da ita gida."

"Haka ne, ɗana," in ji Iyatu. "Ka bi maganar likita."

Ta karɓi ganyen, ta ƙara wani a kai, ta naɗe masa da kyau don kada mai ya ɓata masa riga.