Kukan da Mama Ta Ara wa Sarauniyar Girkawa

Ni dai tun ranar da malamin nan ya shigo gidanmu a Muchiya, da 'yar jakarsa a kafaɗa, hankalina bai kwanta da shi ba. Wai ɗalibansa za su yi wasan kwaikwayo a Samaru, na wata tsohuwar sarauniya a tatsuniyoyin Girkawa. An ƙone birninta, an kashe mijinta da 'ya'yanta maza, ita da sauran matan gidan sarauta aka raba su kamar kayan gado. Matsalarsa ɗaya, yarinyar da za ta fito a sarauniyar ba ta iya kuka ba. Wani mai dogon baki a cocinmu ya ce masa ai akwai Mama.

Lallai kam akwai Mama. Ba mu daɗe da ɗauko ta daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna ba, bayan an ƙone shi, an kashe yayana a bakin rumbu. A wajenmu kukan mutuwa waƙa ce, kuma ana kiran sunan mamacin a ƙarshen kowane baiti. In ba a kira suna ba, kukan ba na kowa ba ne. Yayana kuwa rami ɗaya aka zuba su da maƙwabta cikin gaggawa, ba a yi masa makoki ba.

Na ce kada ta yarda, ta ce in rufe mata baki. Ta tambayi malamin ko za a tara mutane, ya ce har da manya. Ta ce to a kira sunan ɗanta a gabansu. Ya gyaɗa kai yana danna waya.

Yarinyar ta yi ta zuwa. Mama ta koya mata inda ake jan numfashi, yadda ake dafa ƙasa, yadda murya ke karyewa kafin sunan ya fito. Duk ranar da aka yi, Mama ba ta iya cin tuwo, ni ke kwashe kwanon ina tsaki. Har zanenta na makoki ta bayar.

Ranar wasan ta saka kayanta na zumuntar mata, muka hau keke da la'asar. Gaskiya yarinyar ta yi ƙoƙari. Ta durƙusa da kambin kwali a ka, ta ɗauko waƙar Mama tiryan-tiryan. Mama ta damƙe hannuna. Da aka zo wurin suna, sai yarinyar ta kira wani ɗan sarkin Girkawa. Baiti na biyu ma shi ta kira, haka har aka gama waƙar. Mutane suka miƙe suna tafi, wani a bayanmu yana cewa Girkawan nan sun san baƙin ciki.

Na tare malamin a ƙofa. Ya ce in yi haƙuri, sunan ba zai shiga labarin ba, ai sarauniyar tana wakiltar kowace uwa. Na ce masa tawa uwar ba ta nemi wakili ba, ga ta can zaune. Har yau in na tuna murmushinsa sai zuciyata ta tafasa.

A hanyar komawa, da muka wuce Hanwa, Mama ta tambaye ni.

"Wannan yaron da aka yi wa kukan, uwarsa na da rai?"

Na ce mata ai tatsuniya ce, ba a taɓa haihuwarsa ba.

Ta gyara ɗankwalinta, tana kallon titi.

"To shi ya samu. Nawa da na haifa fa?"