Tambayar da ban yi wa Kawu ba

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan manta da safiyar da na tsaya tsakanin kawuna da wata likita ina yi musu tafinta ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in wani ya yabe ni cewa na iya Faransanci, ji nake kamar zagina ya yi.

Faransancin nawa ba a aji na koye shi ba. A bakin turawa masu yawon buɗe ido na tsince shi, lokacin da nake raka su har Fachi su ɗauki hoton gishiri. Abu ɗaya aikin nan ya koya mini: ka gaya wa mai tambaya abin da zai ji daɗi. Mota ta kafe a rairayi, in ce pas de problème, wato ba matsala. Ruwa ya kusa ƙarewa, pas de problème. Da turawa suka ɗauke ƙafa, na zauna ni da bakina ba abin yi, sai ga wata likita daga Yamai ta zo Agadez bincike. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba, don haka aka ɗauke ni.

Bincikenta a kan ciwon nan ne da ke farawa daga ɗan rauni ya bi jini ya game jiki. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ba ƙwayar cutar kaɗai ke kisa ba, in ji ta. Jiki ne ke tashi yaƙi da ita, ya yi zafi, ya kumbura, har ya wuce gona da iri ya koma yana ɓata kayan cikinsa, kuma ƙoda na cikin masu fara gajiya. Shi ya sa duk wanda ya zo da rauni da zazzaɓi sai ta ɗebi jininsa ta aika labo, ɗakin gwaji, sannan ta tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari. Ai kuwa muka raɗa mata suna Madame Fitsari. Ni na ƙago sunan, kuma na yi ta alfahari da shi. A majalisar shayi nake kwaikwayonta, wai mace ta ƙare ƙuruciyarta tana karatu a ƙasar waje, ta dawo tana bin dattawa da biro tana ƙirga musu bawali. Mutane su yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ina jin kaina wani gwani.

Rannan sai ga Kawu, yayan mahaifiyata, wanda a hannunsa na tashi. Manomin albasa ne a Dabaga. Fartanya ta sare shi a ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da ban ruwa har kwana biyar, sai da matarsa ta tasa shi gaba da mita ya shigo gari. Ya zauna a benci, rawani tsaf, tasbaha a hannu, kai ka ce ɗaurin aure ya zo.

Likita ta kwance tsumman, ta ɓata fuska, ta ce in tambaye shi yadda yake ji.

"Kawu, ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗana. Alhamdu lillahi."

Kowa a garin nan ya san ko ana shirin wanke mutum, in ka ce ya jiki zai ce da sauƙi. Gaisuwa ce, ba rahoto ba. Amma na juya da muryata ta ɗan rakiyar turawa na ce, "Ça va mieux, docteur." Wato ya samu sauƙi. Ta rubuta.

Ta auna shi, ta latsa farcensa, ta ɗebi jini, ta sake duba ƙafar. Sai ta jefo tambayar da na san tana nan tafe: yaushe rabonsa da fitsari?

Na dubi Kawu. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba tare da na sunkuyar da kai ba, ni zan buɗe baki in tambaye shi wannan? A gaban mace, kuma baƙuwa? Na gyara murya na ce:

"Kawu, likita ta ce ya mutanen gida?"

"Lahiya lau suke. Ka ce mata na gode, Allah shi yi mata albarka. Yarinyar nan tana da hankali."

"Il dit que c'est normal," na ce mata. Komai daidai. Har wani daɗi na ji a raina, wai na fid da kowa kunya.

Ta sake kallonsa. Ta ce da niyyar kwantar da shi take, amma tunda yana samun sauƙi kuma ƙodarsa na aiki, a wanke raunin, ya sha magani, ya dawo gobe da safe. Kawu kuwa yana fita ya ce albasa ba ta jiran kowa, ya hau motar Dabaga.

Da sakamakon jinin ya fito, likita ta same ni a bakin ƙofa da takardar a hannunta. Ta ce ina tsohon nan, a nemo shi yanzu. Kafin a same shi kwana ya juya. A bayan motar albasa aka kawo shi, kwance a kan buhuna, hannuwansa sanyi ƙalau, yana kiran sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa. Matarsa na kuka tana cewa ai tun kafin zuwansa na farko rabonsa da zagawa bayan ɗaki da buta, in ba don alwala ba. Wannan karon na fassara kalma bayan kalma.

Likita ba ta yi mini tsawa ba. Da ta yi, da na fi jin daɗi. Tambaya ɗaya ta yi mini, a hankali: "Ranar nan, me ka tambaye shi?" Na gaya mata. Ta ce, "Kai da ka sa mini sunan, ai ka fi kowa sanin tambayar." Ashe duk ta sani.

An yi kwanaki ana fama da shi, ƙarin ruwa da allurai ba iyaka. Rai ya tsira, amma ƙafar sai da aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Manomin da ke wuni tsaye cikin ruwa ya koma zaune a gindin dabino yana nuna wa ƴan ƙwadago inda za su sari ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu ba ya jin Faransanci, don haka bai taɓa sanin abin da na faɗa ba. Duk wanda ya je gaishe shi sai ya nuna ni ya ce, "Wannan ne ya tsaya mini a wurin likita, ba don shi ba da na tafi." Ni kuma in sunkuyar da kai, mutane su ce kai, yaron nan akwai kunya.

Kunyar ce kuwa. Tun daga nan na gane cewa wadda na yi ranar ba ladabi ba ce, tsoro ne kada fuskata ta yi nauyi na minti ɗaya. Fuskata ta tsira, Kawu ya biya da ƙafarsa.