Matar da Ta Ƙi Goge Ɗigo

A cibiyar binciken sauro da ke bayan tashar jirgin ƙasa, daga maigadi har shugaba, Inna Mai Fensir kowa yake kiranta. Sai dai ba zane aka ɗauke ta yi ba. Wankin kwalabe da gilasan gwaji aka ɗauke ta, tana da shekara ashirin da huɗu, da goyo a bayanta.

Ubanta tela ne, kuma tun tana yarinya ita ce mai zana wa masu kawo ɗinki irin wuyan rigar da suke so a bayan kwali. Wata rana ma'aikata sun fita cin abincin rana, ta leƙa madubin ƙara girma da aka bari a kan tebur. Fiffiken sauro ne a ƙarƙashinsa, da jijiyoyi da gashi reras kamar an taje.

"Ikon Allah!" ta ce. "Ashe wannan ɗan banzan har ado gare shi?"

Ta zana shi a bayan ambulan. Farfesa, shugaban sashen, ya tsinci ambulan ɗin ya tambayi mai shi. Ta ɗauka korarta za a yi, sai ga shi ya ba ta tebur kusa da taga. Da safe ta yi wanki, da rana ta yi zane. Shekara goma sha ɗaya a haka, takardar aikinta kuwa "mai wanke-wanke" take cewa.

Rigima ta taso ne lokacin da Farfesa yake rubuta littafin da ma'aikatan lafiya za su riƙa gane nau'o'in sauro da shi. Akwai wani sauro da aka kamo daga fadama. Shi ya rubuta cewa baƙin ɗigo huɗu ne a bakin fiffikensa, ita kuma ta zana biyar.

"Goge na biyar ɗin nan," in ji shi. "Datti ne."

"Yallaɓai, fiffike goma sha bakwai na duba. Wane irin datti ne zai zauna wuri ɗaya a dukansu?"

"Ke za ki koya mini sauro? Da soso fa kika shigo gidan nan."

"Da soso na shigo, amma da idona na shigo. Takarda taku ce, fensir naku ne, hannun kuwa nawa ne. Ba zan zana abin da ban gani ba."

A ranar aka ɗauke teburinta, aka mayar da ita bakin famfo. Mijinta, direban babbar mota, ya riƙe baki da ya ji labari.

"A kan ɗigo ɗaya, baiwar Allah? Ɗigon ma na sauro?"

"Maigida, in na goge ɗigo yau, gobe ƙafa za a ce in cire. Jibi kuma a ce giwa na gani."

Ya yi dariya har da buga cinya, bai sake maganar ba.

Wata huɗu tana wanki. Abokan aiki suka laƙaba mata "Farfesan Soso", tana amsawa da fara'a, ko da yake abin yana sukarta. Duk lokacin hutu sai ta ɗauko fikafikan da aka zubar ta zana su a littafinta, ta rubuta rana da wurin da aka kamo kowanne. An sa wani ya yi wa Farfesa zanen ɗigo huɗu yadda yake so.

Kafin a buga littafin, aka turo wata likitar ƙwari daga wata cibiya ta tantance shi. Inna ta tare ta a baranda, hannunta duk kumfa, ta goge a zaninta ta miƙa mata littafin zanenta.

"Likita, ban ce ki yarda da ni ba. Gani ya kori ji. Ki leƙa da kanki."

Kwana biyu likitar ta yi a kan madubi. A rana ta uku ta gaya wa Farfesa a gaban kowa cewa ɗigo biyar ne, kuma sauron ba wanda yake tsammani ba ne, wani nau'i ne daban.

Farfesa bai ba da haƙuri ba. Umurni kawai ya bayar a mayar da tebur. Inna ta tsaya a gaban teburin, ta ƙi zama.

"Sai an sa sunana a ƙarƙashin kowane zane, duka sittin ɗin da na yi wa littafin nan. Kuma a gyara takardata."

Sunan ya fito a littafin. Gyaran takarda kuwa sai da ya ci shekara biyu, kowace Litinin tana tsaye a ƙofar ofishin ma'aikata, har akawun ya fara ɓuya in ya ji takunta.

Ta yi aiki har ta cika shekara sittin, ta koya wa mata uku zane, ɗaya daga cikinsu ita ma daga bakin famfo ta ɗauko ta. Yanzu tana zaune wurin babbar 'yarta. Bara yanar ido ta rufe mata idon dama, aka kai ta asibiti. Likitan ido ya ɗauki biro yana zana mata yadda za a yi aikin. Ta ƙura wa takardar ido mai lafiyar, ta ɗan jima.

"Ɗana, wannan ido ne ko ƙwai? Kawo biron nan."

Ya miƙa mata.