Bishiyar Maman Ilham a Danau Kota

Shekara huɗu ke nan da rasuwar aminiyata Binta, wadda matan unguwarmu ta Danau Kota suka fi sani da Maman Ilham. Karatun mazajenmu ne ya kawo mu Kuala Lumpur, ƙofarta na kallon tawa a hawa na goma sha biyu.

Lokacin kullen korona kowa ya nemi abin rage zaman gida. Ita hoton wata bishiya ta gani a waya, ana ce mata maful, ganyenta jajawur kamar manja. Nan take ta yi odar irinta, wai filin wasan yara da ke ƙasa rana ta yi masa yawa. Da ta ji sai irin ya sha sanyi yake tsirowa, ta ƙulle shi a leda ta cusa firji kusa da daddawa. Wata biyu maigidanta na neman ruwan sanyi yana cin karo da shi.

Ranar da ya tsiro, guɗarta har ɗakina. Amma da ta kai wa Pak Cik, tsohon da ke kula da lambun gidan, sai ya girgiza kai ya ce, "Tak boleh, lah," wato ba zai yiwu ba, bishiyar ƙasar sanyi ce. Bai yi ƙarya ba, cikin 'yan makonni ta bushe. Sai ga shi da wani dashe, ya ce shi ma ganyensa yakan yi ja kafin ya zube.

Binta ta juya ganyen, ta dube ni ta tuntsire da dariya. "Maman Sadiƙ, ambarela ce fa! Irin ta ƙofar gidanmu a Gwale! Kin ga ni da wahalar da kai."

Da hannunta ta dasa. Shekara na zagayowa cutar korona ta ɗauke ta, maigidanta ya koma Kano da yaran.

Yau bishiyar ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Da la'asar matan Malay da na China da mu Hausawa muna ƙarƙashinta, yara na guje-guje. Na san da tana nan, cewa za ta yi a kawo tabarma da fulas ɗin shayi, kuma sai kowa ya sha labarin firjin.

Kwanan baya na tura wa Ilham hoton bishiyar. Ta amso da saƙon murya: "Anti, da gaske Mama ce ta shuka duk wannan?"

Ita ce, Ilham. Allah ya jiƙanta.