Gaisuwar da ban aika ba

Ina koleji nan Dakoro, mushenmu, wato malaminmu na Faransanci, ya haɗa ni da wata yarinya ƴar Beljiyam, muna rubuta wa juna wasiƙa. Rannan ta rubuto mini mahaifiyarta ta rasu.

Na gaya wa innata, na ce zan aika mata takardar gaisuwa. Ta ce, "Wayyo, baiwar Allah! Amma ke, gaisuwar mutuwa a takarda? Ai da ƙafa ake zuwa, a zauna bisa tabarma."

Sai na ji kunyar aika takardar, na fasa. Sau biyu yarinyar ta sake rubutowa, tana tambaya ko laifi ta yi mini. Daga nan ba ta ƙara ba.

Har yau in na idar da salla nakan roƙa mata sauƙi. Ita kuwa abin da ta sani kawai, ban amsa ba.